Nonon Ƙwarya Da Madarar Gwangwani: Abin Da Na Gano A Lafani

Hanyar da ta fita daga Sakkwato ta yi arewa tana ratsa Kware da Gwadabawa kafin ta dire Illela, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. Ranar Asabar na kama ta, jajiberen kasuwa, a lokacin da gero ya gama shiga rumbu, shanu kuma suka fara sauka gonaki suna kiwon kara. Tambaya ɗaya ce ta fito da ni daga gida: me ya sa mutumin da aka yaye da fura da nono, ya girma yana sha lafiya lau, zai kurɓi shayi mai madara da safe cikinsa ya wuni yana ƙugi?

Ban ɓoye wa abokan tafiya abin da ke tafe da ni ba, kuma tun kafin mu wuce Kware zancen ya game motar. Wani mai fataucin albasa da ke zaune a gaba ya waiwayo ya ce, "Malam, ai zancena kaka yi. Hura da nono ko ƙwarya guda nis sha, lahiya lau. Amma in nis sha shayi mai kauri, ranan ba ni da sukuni." An ce masa gyambon ciki ne, wani ya ce taifot, wani ya ce basir. Ya sha na kemis, ya sha jiƙo da tsimi. A cikin duk waɗanda suka ba shi magani babu wanda ya tambaye shi da me yake karya kumallo.

Illela gari ne da ke numfashi da iyaka. Tsakaninta da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar ɗan taƙi ne, kuma mutanen garuruwan biyu dangin juna ne, harshe ɗaya, abinci ɗaya. Sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kasuwar Illela Lahadi take ci, ta Ƙonni Laraba. Da na shiga kara da safe na tarar da duk dabbar da ake tatsa a wannan yanki: Bokoloji masu gajeren ƙaho, Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, shanun Azawak da aka koro daga arewa, tumaki Uda, jar akuyar nan da Sakkwato da Maraɗi suke alfahari da ita, sai raƙuma can gefe suna tuƙa.

Amma madarar da na ga an fi sha a garin ba daga jikin ko ɗaya cikinsu ta fito ba. A buhu take zuwa, ko a gwangwani, ko a leda. Na zauna a teburin wani mai shayi kusa da tasha ina kallon hannunsa. Idan direba ya ce a yi masa mai kauri, sai ya dumbuza garin madara cokali huɗu ko biyar, kowane a cike tuli, ya zuba siga, ya bi da ruwan zafi. Mai hali kuma ya sa a huda masa gwangwani guda a juye duka. Yawancin masu shan ba su sa komai a ciki ba tun daren jiya. Na tambayi mai shayin ko ana kawo masa ƙorafi. Ya ce akwai masu cewa a rage musu madara, akwai waɗanda suka koma baƙin shayi ɗungurungum, amma dai kowa ya ɗauka cikinsa ne ba shi da kyau.

Da hantsi ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa ƙauyen Lafani. Gonaki ne hagu da dama, an girbe gero, wake na jiran roro, rumbunan laka sun sha sabon jinka. Ɗan kabu-kabun ya roƙe ni mu juyo kafin la'asar sakaliya, domin gabashin Sakkwato ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma ba manomi kaɗai abin ya taɓa ba. Makiyaya da yawa an kore musu shanu, wasu sun tashi. Wannan ma yana cikin labarin madara, domin inda garke ya ragu, ƙwarya ba ta cika.

A wata ruga da ke bayan gari wata dattijuwa ta karɓe ni, bayan mai gidan ya yi mini iso. Na gaishe ta, na ce, "Inna, aikin nono na zo gani." Ta yi murmushi ta ce, "To zauna, ɗana." Abin da ta nuna mini tsohon aiki ne, amma ban taɓa tsayawa na dube shi daki-daki ba sai ranar. Da asuba ake sakin maraƙi ya fara tsotsa don nono ya sauko, sannan a janye shi a tatsa. A tace madarar, a zuba ta a ƙwaryar da ta saba da aikin, a ɗiga ɗan ragowar nonon jiya, a rufe da faifai a ajiye a ɗaki. Idan ta kwana ta kama jikinta, ta zama kindirmo, mai kauri, da mansa a ciki. Idan man ake so sai a kwashe saman, a kaɗa shi a cikin gora har man shanu ya dunƙule, abin da ya rage kuma shi ne nonon da ake dama fura da shi. Idan ya ƙara kwana ya yi tsami sosai, aka sirka shi da ruwa, ya zama tsala.

Na tambaye ta su wa ke shan madarar da ɗuminta. Ta nuna wasu samari biyu da ke ɗaure maruƙa, ta ce waɗannan kafin su fita kiwo kowa sai ya shanye ƙoƙo guda, ba abin da ke samunsu. Ta ce amma ita tun tana budurwa take kai nono cikin gari, kuma da wuya Bahaushe ya tare ta ya ce ɗanyar madara yake so. Kindirmo suke nema, ko nono. Wanda ya yi kwaɗayi ya sha ɗanya da yawa, in ji ta, gobe zai ba ta labari.

Abin da Inna ta lura da shi a bakin kasuwa, masana sun auna shi. A cikin kowace madarar dabba akwai wani sukari da ake kira laktos. Hanji ba ya iya tsotse shi yadda yake, sai wani sinadari da ƙaramin hanji ke samarwa, mai suna laktes, ya raba shi biyu. Jariri yana da wannan sinadari isasshe, domin nonon uwa ma ya fi na saniya sukarin: kusan giram 7 a cikin mililita 100, na saniya kuwa bai cika giram 5 ba. Bayan yaye sai jikin yawancin 'yan Adam ya rage samar da shi. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya haka suke, don haka ba cuta ba ce, halitta ce. Idan irin wannan mutum ya sha madara da yawa, sukarin da bai narke ba sai ya jawo ruwa cikin hanji, ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su far masa suna fitar da iska. Daga nan kumburi, ƙugi, murɗa, yawan hutu, wani lokaci zawo, galibi tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha.

A Nijeriya aka yi ɗaya daga cikin binciken farko da suka buɗe wa duniya ido kan wannan. A 1971 Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford ta Amurka, da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, da abokan aikinsu suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilu daban-daban a mujallar Lancet. Yarbawa da Ibo, kusan dukkansu ba sa narkar da sukarin bayan ƙuruciya. Fulani makiyaya, kusan huɗu cikin biyar suna narkar da shi. Hausawa kuwa, mafi yawansu ba sa iyawa. Daga baya, a 2002, masu bincike a ƙasar Finlan suka gano ɗan canjin da ke cikin ƙwayar gado wanda ke sa jiki ya ci gaba da samar da laktes har tsufa, kuma an tarar Fulani da yawa suna ɗauke da wannan canjin, iri ɗaya da na mutanen arewacin Turai. Makiyayan gabashin Afirka da Larabawa masu raƙuma suna da nasu canjin daban. Duk inda mutane suka shafe dubban shekaru suna rayuwa a bayan garke, jikinsu ya bi sana'arsu. Sai dai a ƙasa irin Sakkwato, inda auratayya ta cakuɗa Fulani da Gobirawa da Adarawa da Zamfarawa, sunan ƙabila ba ya gaya maka yadda hanjin mutum yake. Wa da ƙani ma suna iya bambanta.

To, in haka ne, ta yaya Bahaushe ya zama mutumin fura da nono? Amsar tana cikin ƙwaryar da Inna ta rufe da faifai. Ƙwayoyin da ke sa madara tsami, abincinsu shi ne wannan sukarin. Cikin dare suna cinye wani kaso nasa, a yogot kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma gwargwadon daɗewa da tsami, gwargwadon raguwarsa. Ba nan abin ya tsaya ba. Ƙwayoyin suna ɗauke da nasu laktes, suna shiga ciki da shi su ci gaba da aiki a hanji. Wani bincike da aka yi a Minesota ta Amurka a 1984 ya nuna cewa masu wannan matsala sun fi narkar da sukarin da ke cikin yogot nesa ba kusa ba a kan na ɗanyar madara. Kamar gero ne da aka surfa aka jiƙa kafin ya iso turmi: rabin wahalar an riga an ɗauke ta. Sannan ga ita kanta furar. Nono ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafe da gero mai nauyi, wanda ke sa abin ya riƙa sauka hanji sannu a hankali, ɗan sinadarin da ya rage wa mutum ya samu sararin yin aikinsa. Man shanu kuwa sukarinsa kaɗan ne ƙwarai, idan aka soya shi ma kusan babu. Haka cukun da ake kawowa daga Nijar, domin yawancin sukarin yana bin ruwan da aka tsiyaye kafin a shanya shi. A ganina wannan ilimi ne cikakke, ko da matan da suka riƙe shi ba su taɓa jin sunan laktos ba, kuma ya kamata a daina kallonsa a matsayin abin ƙauye.

A ƙofar gidan da na yi sallar azahar, wani dattijo ya kawo zancen akuya. Ya ce shi nonon akuya ya fi kwanta masa. Ban musa masa abin da jikinsa ya gaya masa ba, amma awo ya nuna bambancin ba shi da yawa: na akuya yana da giram 4 da ɗan ɗori, na tunkiya yana kusa da na saniya. Abin da na fi zato shi ne akuya ba ta ba da nono mai yawa, don haka mai sha ba ya wuce kima. Ana kuma ta tallar wata madara a ƙasashen waje da ake kira A2, wadda furotin ɗinta ya ɗan bambanta, ana cewa ta fi sauƙi a ciki. Shanunmu masu tozo galibi irin wannan suke bayarwa tun asali, kuma sukarin yana nan cikinta bai ragu ba.

Nonon raƙumi shi ne ya fi kowane suna a wannan yanki. Ana sayar da shi a gorar roba da tsada, ana jingina masa magani iri-iri. Wanda ya sha shi karon farko cikinsa ya ɓare sai a ce masa wankin ciki ne, dattin ne ke fita. Gaskiyar ita ce shi ma yana da sukarin, kusa da na saniya. Akwai ɗan ƙaramin bincike da ya nuna wasu masu matsalar sun fi jure shi, kuma ba shi da ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke cikin na saniya, amma wannan bai isa a ce wa kowa ya sha babu fargaba ba. Abin da ya fi damuna game da shi ma ba sukarin ba ne, shan sa ɗanye ne. Ɗanyar madara, ta raƙumi ko ta saniya ko ta akuya, tana iya ɗauko cutar bakkale, mai sa dabba ɓari ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ta saniya kuma har da tarin fuka. Tafasawa tana kashe waɗannan. Sai dai a sani, tafasawa ba ta rage sukarin ko kaɗan. Hanyar da ta haɗa amfanin biyu ita ce a tafasa, a bari ta huce, sannan a sa mata ragowar nonon jiya ta kwana.

Yanzu a koma teburin mai shayi da lissafi. Taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira a 2010 ya tsaya a kan cewa yawancin masu wannan matsala suna iya ɗaukar kusan giram 12 na sukarin a zama ɗaya ba tare da wata damuwa mai yawa ba, wato kofi guda na madara, musamman idan da abinci. Garin madara kuwa madara ce da aka ƙafe ruwanta, sukarin ya taru: fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa laktos ne, wanda aka cire wa mai kuma ya kai rabi. Mai arahar da ake aunawa a kasuwa, yawanci an cire man shanunta an maye shi da man itatuwa, amma sukarin bai je ko'ina ba. Cokali biyar tuli sun isa su tsallake giram 12. Gwangwani guda na madarar ruwa yana ɗauke da kusan giram 15. Ba tsami, ba ƙwayoyi masu taimako, ba gero, kuma a cikin da babu komai. Mai albasan nan ba nono ne ya juya masa baya ba. Yanayin madarar ne ya canja, da yawanta, da lokacin shan ta.

Canjin ya fara shiga ƙwarya ma. Wata matashiya mai tallar nono a Lafani ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa da rani, idan shanu suka yi nisa nono ya ƙafe, garin madara take saye a Illela ta dama ta kwantar, wasu kuma su ƙara kuka don ya yi kauri. Ban ga laifinta ba, bakin 'ya'yanta take nema wa abinci, kuma idan ya kwana ya yi tsami yadda ya kamata, yana da sauƙi a ciki fiye da shayin tasha. Matsalar ita ce idan aka dama shi da kauri aka fito da shi bai gama kamawa ba. Haka yogot ɗin roba: wanda aka sake dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe a kanti, ya rasa yawancin abin da ke sa kindirmo ya zauna lafiya. Nijeriya tana kashe kusan dala biliyan ɗaya da rabi duk shekara wajen shigo da madara, alhali ga shanu a kara har ido ya gaji. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, kuma idan tana neman inda za ta fara, matan nan masu ƙwarya sun fi kowa cancanta.

Kafin na baro yankin na zauna da wani ma'aikacin lafiya da ya daɗe yana aiki a ƙauyukan Illela. Damuwarsa yara ce. Yaron da ya yi zawo mai tsanani, ko mai tamowa, fatar hanjinsa tana ƙujewa, laktes ya ragu na ɗan lokaci. Idan uwa ta dama masa madarar gari don ya yi ƙarfi sai zawon ya ƙaru, wata kuma ta tsorata ta cire shi daga nono gaba ɗaya, ta ce nononta ne ya ɓaci. Ya ce wannan shi ne kuskuren da ya fi tsoro, domin nonon uwa ba a tsayar da shi saboda zawo, shi ne ma ke taimakon hanjin ya warke, tare da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Ya kuma ja kunne kan wani abu daban da ake rikitawa da wannan: yaron da jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara. Shi alamarsa ƙuraje ne, kumburin leɓe ko fuska, amai, ko sarƙewar numfashi. Irin wannan yaro kindirmo ba ya yi masa sauƙi, nonon akuya ma haka, asibiti za a kai shi.

Ga manya kuwa, gwajin da ya ba da shawara ba ya cin ko sisi. Mutum ya bar madarar shayi da ɗanyar madara mako biyu ya ga yadda cikinsa zai yi, sannan ya koma ya sha ya sake dubawa. Idan ita ce, ba sai ya rabu da nono ba. Ya rage cokali, ya sha bayan ya ci abinci, ya raba shan kashi-kashi a yini, ya fi karkata ga kindirmo da nono mai tsami. Wanda yake shan kaɗan-kaɗan kullum, ƙwayoyin hanjinsa suna sabawa, wahalar ta ragu. Kunun gyaɗa, kunun aya, madarar waken suya da awara ba su da laktos ko ɗigo, muddin ba a zuba musu madara ba. A manyan kantunan birni akwai madarar da aka riga aka narkar da sukarinta, sai dai tsadarta ba ta mutumin Lafani ba ce. Wanda kuma yake ganin jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko zazzaɓi, ko ciwon bai tsaya ba bayan ya bar madara, kada ya tsaya lissafin cokali, ya nemi likita.

Roƙona ga masu kemis da ma'aikatan asibitocin karkara, daga Illela har Ƙonni: idan babba ya zo da kumburin ciki da ƙugi da zawon safe, kafin ku miƙa masa maganin taifot ko na kashe ƙwayoyin cuta, ku tambaye shi abin da ya sha da safe, da cokali nawa aka zuba masa.